Tsakanin neman abinci da haƙƙin iyali: Yadda awa 24 ke kasa isar mazauna Bosso

Ƙaramar Hukumar Bosso ta yi wa birnin Minna kusan zobe. Hedikwatarta tana Maikunkele, inda filin jirgin sama yake, kuma a ƙidayar shekarar 2006 an samu mutum 147,359 a cikinta, adadin da duk mai ido ya san an daɗe da wuce shi. Al'ummar Gbagyi, waɗanda Bahaushe ke kira Gwarawa, su ne 'yan asalin ƙasar, amma a yau unguwannin yankin, tun daga cikin garin Bosso har Tudun Fulani da Rafin Yashi, cike suke da Hausawa da Fulani da Nufawa da Yarbawa da Ibo, waɗanda aiki ko karatu ko kasuwa ya kawo.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane kwana kawai suke yi a Bosso, wuninsu yana wani wuri. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da tsohon mazauninta a Bosso, babban mazaunin kuwa yana Gidan Kwano a kan hanyar Bida, fiye da kilomita 10 daga gari. Malami ko ɗalibi ko mai shara da ke zaune a Bosso sai ya ratsa Minna, ya bi ta Kpakungu, kafin ya isa. Haka ma'aikacin sakatariyar jiha, haka ɗan kasuwar Kure. Da sanyin asuba ake fita, a dawo bayan magariba, yara sun fara gyangyaɗi. A irin wannan rayuwa ce tambayar daidaito ke tasowa: ta yaya mutum zai nemi na sakawa a bakin salati ba tare da gidansa da jikinsa da danginsa sun zama abin sadaukarwa ba?

Sau da yawa idan aka yi maganar daidaita rayuwa, sai a ɗauka ana nufin a yanka wuni gida uku, awa takwas aiki, takwas barci, takwas hutu. Wannan lissafi ya fito ne daga gwagwarmayar ma'aikatan masana'antu a Turai da Amurka, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta mayar da awa takwas a rana da 48 a mako yarjejeniyarta ta farko a 1919. Ya dace da mai aikin albashi guda ɗaya. Manomin doya a Garatu ko Beji bai san shi ba, domin da damina ba shi da lokacin kansa, da rani kuma yakan samu sararin ziyara da biki. Shi a shekara yake auna daidaitonsa.

Ma'aunin da ya fi dacewa da mutanenmu shi ne na haƙƙi, kuma tsoho ne. Malaman hadisi, ciki har da Imamu Bukhari, sun ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, waɗanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka a tsakaninsu a Madina. Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da matar gidan a yamutse, ta shaida masa cewa mijinta ya juya wa duniya baya. Da aka kawo abinci, mai gida ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai da ya sa shi ya ci. Da dare ya hana shi tashi nafila sai can kusa da asuba. Daga nan ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana bin sa haƙƙi, kuma da labarin ya isa wurin Annabi sai ya gaskata Salmanu. Abin lura a nan shi ne ibada ce ta cinye lokacin Abu Darda'i, wato mafi darajar abin da mutum zai shagala da shi, amma duk da haka aka taka masa burki. To ina ga kasuwa da ofis?

Idan aka kalli rayuwa ta wannan fuska, sai a ga masu bin mutum bashi suna da yawa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Shugaban ofis yana da takardar tuhuma. Mai gidan haya yana da wa'adi. Dangi suna da baki. Jiki da mata da 'ya'ya kuwa sukan yi shiru su jira, saboda haka su ake jinkirta wa biya, shekara da shekaru, har ranar da bashin zai fito gaba ɗaya a gadon asibiti ko a gaban alƙali.

Abin da dogon aiki ke yi wa jiki

A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike na haɗin gwiwa. Sun gano cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai aikin awa 35 zuwa 40 haɗarin kamuwa da shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, ya kuma fi shi haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu a duniya ta wannan hanya.

Ma'aikacin gwamnati zai iya cewa wannan bai shafe shi ba, tunda daga ƙarfe takwas zuwa huɗu yake aiki, awa 40 ke nan a mako. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, albashi ɗaya ya daina riƙe gida. Gwamnatin Tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, Gwamna Mohammed Umaru Bago kuma ya amince da naira 80,000 ga ma'aikatan Jihar Neja, amma kuɗin mota da na abinci sun riga sun yi gaba. Don haka ana tashi daga ofis sai a wuce shago, ko a hau babur ɗin haya, ko a zauna a kan na'urar cirar kuɗi, Asabar kuma a tafi gona. A ɗora awa uku na kowace yamma a kan awa 40, a ƙara wunin Asabar, za a ga an haura 60, ba a ma lissafa zaman cikin mota ba. A nan ya kamata a tuna cewa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 noma kaɗai suka yarje wa cikakken ma'aikacin gwamnati ya gudanar a gefe. Sauran duk ana yi ne ana kawar da kai, domin mai kawar da kan shi ma yana da nasa shagon.

Wasu gwamnatoci sun gwada rage nauyin ta fuskar kwanaki. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako daga watan Disamban 2021, kuma cikin dalilan da ta bayar har da bai wa ma'aikata lokacin iyali da na noma. Kwara da Edo sun rage kwanakin zuwa ofis zuwa uku a watan Yunin 2023 don sauƙaƙa kuɗin sufuri. Mataki ne mai amfani, amma iyakarsa ma'aikatan gwamnati. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba na albashin hukuma ba ne. Mai shayi da tela da mai sayar da doya babu takardar da za ta ba su hutu. Ranar da ba su fita ba, ranar ba a ɗora tukunya ba.

Zumunci da tsadarsa

Wurin da daidaito ya fi wuya a gidan Bahaushe, a ganina, shi ne zumunci, domin a nan ne kunya da kara suke ɗaure wa mutum baki. Ba ka iya cewa yayarka ba za ka yi ankon bikin 'yarta ba. Ba ka iya cewa kawunka na ƙauye ya dakata da turo yaro karatu. A wata guda ana iya samun suna biyu, aure ɗaya, rasuwa ɗaya da mara lafiya a asibiti, kowanne da gudummawarsa, kowanne da wunin da zai ci. Mata sun fi jin wannan a jika: bikin da aka yi maki jiya bashi ne, an rubuta, kuma ranar biya sai an ɗora wani abu a kai.

A Minna akwai ƙarin nauyi da ba a san shi ba a shekarun baya. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi sun raba dubban mutane da ƙauyukansu, kuma ba duka ke zama a sansani ba. Da yawa gidajen 'yan'uwa suke sauka. Gidan haya mai ɗaki biyu da aka kama don mutum shida sai ya koma na goma sha biyu, ba ranar tafiya. Wannan karɓar baƙi abin alfahari ne, kuma ita ta hana mutane da dama kwana a titi. Amma matar gidan ce ke ƙara yawan tuwo daga awon da bai ƙaru ba, ita ke rasa ɗakinta da sirrinta, kuma sau da yawa ba a shawarce ta ba kafin a ce su zo. Rikicin da ke tasowa daga nan akan ɗora shi a kan rowar mace, alhali asalinsa rashin zama a yi magana ne tun farko: mutum nawa za mu iya ɗauka, har zuwa yaushe, wa zai kawo me daga cikin sauran dangi.

Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar suka ambata, ba su ambaci aljihu ba. Tsohuwar da aka je aka gaishe ta, aka zauna aka ji kukanta na rabin awa, ta fi jin an kula da ita a kan wadda aka tura wa kuɗi ta waya aka yi shiru wata uku. Wasu iyalai sun samo dabarar asusun dangi, inda kowa ke zuba abin da zai iya duk wata a hannun amintacce, idan larura ta taso a ɗiba, maimakon a riƙa kiran mutum ɗaya don kawai shi ne ke birni. Wasu ma'aurata kuma sukan ware wani kaso sananne na abin da ke shigowa don hidimar 'yan'uwa na ɓangarorin biyu, idan ya ƙare sai a ba da haƙuri har wata mai zuwa. Faɗin "ba ni da hali yanzu" yana da ɗaci a baki, amma cin bashi don a fita kunyar biki ya fi shi daɗewa a wuya.

A cikin gida kuma rabon aikin kansa bai daidaita ba. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya a duniya, wato fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Bosso tana tashi kafin kowa, ta shirya yara, ta yi wunin aikinta, ta dawo ta tarar da wanki da girki da jiran mai kurar ruwa, ga zafin Maris da Afrilu da ke hana barci idan babu wuta. Mai gida ya dawo a gajiye, gaskiya ne, amma bayan sallar isha'i yana da majalisa ko teburin mai shayi inda zai sauke gajiyarsa. Majalisa ba laifi ba ce, a can ake jin labarin aiki da na mara lafiya, a can ake sasanta rigima. Matsalar ita ce idan ta cinye awa biyun da suka rage a wuni kullum, har yaro ya girma bai san hirar ubansa ba sai faɗansa. Wanda ya tsira daga majalisa kuma, wayar hannu tana jiransa a kan tabarma: jiki yana gida, hankali yana Facebook da TikTok.

Doka ta ɗan taɓa wannan fanni. Dokar Ƙwadago ta bai wa mace mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, sannan a watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin tarayya da aka yi wa haihuwa. Kwana 14 ɗin an ba da su ne don a taimaki mai jego da jariri, ko da yake a wurinmu ba wuya su ƙare a neman ragon suna da karɓar 'yan barka.

Akwai kuma haƙƙoƙin hutu da ma'aikatan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da gidajen mai da dama ba su san suna da su ba. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya tanadi hutun da bai gaza awa ɗaya ba ga wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana, da kuma cikakken wuni ɗaya na awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Sashe na 18 ya ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida tare da cikakken albashi. Ana iya ɗaga hutun idan ɓangarorin biyu sun amince, amma ba zai wuce wata 24 ba, kuma dokar ta haramta wa mai kamfani ya biya ma'aikacin da ke kan aiki kuɗi a madadin hutun.