Ko ya dace a riƙa bai wa ɗaliban ƙaramar sakandare jinga?

Muhawara a kan aikin da malamai ke bai wa ɗalibai su yi a gida, wanda ake kira jinga, ta daɗe tana raba kan masana ilimi a duniya. A cikin birnin Kano batun yana da tasa fuskar, domin yaron da ke ƙaramar sakandare ba makaranta ɗaya yake zuwa ba.

Ƙaramar sakandare ita ce shekaru uku na ƙarshe na ilimin bai ɗaya, wato shirin UBE, wanda shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa masa doka a 2004. Yawancin ɗaliban da ke wannan mataki suna tsakanin shekara 12 zuwa 15.

Abin da bincike ya nuna

A 2006 Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke da ke Amurka, tare da abokan aikinsa, sun tattara sakamakon bincike na shekaru da dama. Sun gano cewa alaƙar jinga da ƙoƙarin ɗalibi ba ta da ƙarfi a firamare, amma tana ƙaruwa a sakandare. A matakin tsakiya kuwa, amfanin kan tsaya ne idan aikin ya wuce kimanin minti 90 a dare.

Wannan adadi ne ƙasar Sin ta sanya a matsayin iyaka ga ɗaliban ƙaramar sakandare a 2021. Ita kuma Poland, a 2024 ta daina tilasta jinga a makarantun firamarenta, waɗanda ke kai wa aji takwas.

Sai dai waɗannan alƙaluma sun fito ne daga ƙasashen da yaro ke komawa gida ya tarar da teburi da wutar lantarki da kuma littafin kansa.

Ranar ɗalibi a cikin ganuwa

A unguwanni irin su Mandawari da Yakasai da Gwammaja, yaro kan tashi da asuba, wani ya fara da makarantar allo, sannan ya wuce boko. Da ya dawo da azahar ya ci abinci, sai Islamiyya har zuwa dab da magariba, wasu ma suna da ta dare. Ita ma Islamiyyar tana da nata aikin: hadda, da tilawa, da hadisin da za a biya gobe. Malamin boko da ya bayar da lissafi ashirin sau da yawa bai san abin da malamin hadda ya ɗora wa yaron a ranar ba.

Baya ga haka akwai neman na kai. Yaro na iya tsare rumfar mahaifinsa a Kasuwar Kurmi, ko ya tafi wajen koyon ɗinki ko rini. Yarinya kuwa wanke-wanke da raino da aike na jiranta, wata har da talla. Ba mamaki kalmar "aikin gida" a bakin iyaye mata da yawa shara da girki take nufi, ba littafi ba.

Dare ne kawai ya rage, shi kuma yakan zo ba wuta. A gidan gado mai iyalai da yawa, samun lungun da yaro zai natsu da fitilar waya ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne hujjar masu adawa da jinga ta fi ƙarfi. Yaron da iyayensa suka yi boko, ko suke biya masa malamin darasi, zai gama aikinsa. Wanda ba shi da mai nuna masa sai ya kwafa da safe a bakin aji, ko ya sha bulala, ko ya ƙi zuwa makarantar gaba ɗaya. Rahoton ƙungiyar OECD na 2014 ya nuna cewa 'ya'yan masu hali sun fi samun lokacin yin jinga a kusan duk ƙasashen da aka duba.

Hujjar masu goyon baya

Su ma suna da abin faɗa. Cunkoso a azuzuwa da ƙarancin malamai na cikin dalilan da suka sa gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024. A ajin da ya cika maƙil, darasi ɗaya ba ya isa kowane yaro ya gwada lissafi da hannunsa, don haka maimaitawa a gida ce kaɗai damarsa kafin jarrabawar kammala aji uku. Kuma Bakano bai baƙunci maimaici ba, da shi ake haddace Alƙur'ani.

Amma hadda tana yin tasiri ne saboda malam yana saurara, yana gyarawa nan take. Jingar da malami ba zai iya dubawa ba, saboda littattafai sun yi masa yawa, ba ta da wannan daraja.

Faransa ta bi wata hanya ta daban. A 2017 ta ɓullo da shirin da ɗaliban ƙaramar sakandare ke yin jingarsu a cikin makaranta, ƙarƙashin kulawar malami. Yin haka a Kano zai buƙaci ƙarin malamai da kuɗin alawus, sannan a daidaita lokaci da makarantun Islamiyya, waɗanda galibi ranakun Alhamis da Juma'a ne kawai ba sa karatu.