Kadet na jirgin ruwan kasuwanci

Kadet na jirgin ruwan kasuwanci ɗalibi ne da ake horarwa domin ya zama jami'i a jiragen ruwa masu ɗaukar kaya, man fetur, iskar gas ko fasinjoji. Ba sojan ruwa ba ne, aikin farar hula yake koyo. Horonsa kashi biyu ne: karatu a makarantar koyon aikin teku, da kuma watannin da zai shafe yana aiki a cikin jirgi, waɗanda ake kira lokacin aikin teku. Digiri ko difloma kaɗai ba sa ba shi izinin riƙe ragamar jirgi. Sai ya cika waɗannan watanni, ya ci jarrabawar hukuma, sannan a ba shi takardar shaidar ƙwarewa.

Dokar da ta tsara horon

Ƙa'idojin horon sun fito ne daga yarjejeniyar STCW, wadda Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta amince da ita a Landan a shekarar 1978. Ta fara aiki a 1984. Kafin nan kowace ƙasa da nata tsarin, alhali jirgi ɗaya kan ratsa ruwan ƙasashe da yawa. An yi wa yarjejeniyar babban gyara a 1995, sannan aka sake yin wani a birnin Manila na ƙasar Filifin a 2010, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2012. Yarjejeniyar ta shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa ne kawai. Kowace ƙasa ita ke shirya jarrabawa da bayar da takardu, kuma tana da ikon ƙara nata sharuɗɗan.

Rabe-raben kadet

Kadet iri uku ne. Akwai na sashen tuƙi, wanda ke koyon sarrafa jirgi, karanta taswirar teku, lodi da sauke kaya. Ƙarshen matakinsa shi ne kyaftin. Akwai na sashen inji, wanda ke koyon kula da babban inji, janareto da famfuna, har ya kai matsayin babban injiniya. Na uku shi ne na sashen lantarki, wanda gyaran Manila ya ware wa takarda ta musamman.

Takardun da ake buƙata kafin hawa jirgi

Ta farko ita ce takardar lafiya daga likitan da hukuma ta amince da shi. Ana gwada gani, ji da iya bambance launuka, domin da dare ana gane inda wani jirgi ya dosa ne ta fitilunsa, ja a hagu, kore a dama. Takardar ba ta wuce shekara 2 tana aiki, ko shekara 1 ga wanda bai kai 18 ba.

Sai horon kariya na farko, mai darussa huɗu: dabarun tsira a ruwa, rigakafi da kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai tare da zaman lafiya da abokan aiki. Akwai kuma darasin sanin harkar tsaron jirgi. Bayan waɗannan, kadet na buƙatar fasfo da littafin matuƙi, inda ake rubuta sunan jirgi da ranar da ya hau da ranar da ya sauka. Wannan littafi na cikin hujjojin da ake ƙidaya watanninsa da su.

Lokacin aikin teku

Wanda ke neman zama jami'in tuƙi a jirgin da ma'aunin girmansa ya kai 500 dole ya kai shekara 18, kuma ya yi aƙalla wata 12 a teku a ƙarƙashin tsarin horo da hukuma ta amince da shi. Idan ba ta wannan tsari ya bi ba, sai ya yi wata 36. A cikin wannan lokaci, wajibi ne ya yi aƙalla wata 6 yana aikin sa ido a ɗakin tuƙi ƙarƙashin kulawar kyaftin ko wani ƙwararren jami'i.

Ga kadet na inji a jirgin da ƙarfin injinsa ya kai kilowat 750, watanni 12 ɗin sun haɗa da horon bita a kan tudu da aiki a teku, kuma aƙalla wata 6 na sa ido ne a ɗakin inji. Idan ba ta tsarin horo ba, wata 36 ne, 30 daga ciki a sashen inji na jirgi. Na lantarki ma wata 12 ne, aƙalla 6 a teku.

Zama a jirgi kaɗai ba ya isa. Kowane kadet na riƙe da littafin horo mai jerin ayyuka, kamar jefa anga, auna matsayin jirgi ko kwance famfo, kuma jami'i ne ke sa hannu a kan kowane aiki da ya kammala. Girman jirgi da nisan tafiyarsa ma suna da tasiri: watannin da aka yi a ƙaramin jirgi mai bin gaɓa kan kai mutum ga takarda mai iyaka ne, wadda ba ta ba shi damar aiki a kowane teku.

Takardar ƙwarewa da ƙarin girma

Kafin jarrabawa, kadet na ƙara wasu kwasa-kwasai, irin su kashe babbar gobara, sarrafa kwalekwalen ceto da jinyar gaggawa. Na sashen tuƙi kuma sai ya sami takardar sarrafa rediyon neman agaji. Wanda ya ci jarrabawa ya zama ƙaramin jami'i. Bayan wata 12 a wannan matsayi yana iya neman zama mataimakin kyaftin a babban jirgi. Kyaftin kuwa sai da wata 36, ko 24 idan ya yi aƙalla 12 a matsayin mataimaki. Ana sabunta takardar duk bayan shekara 5.

A Najeriya

Hukumar NIMASA ce ke bayar da takardun matuƙa a Najeriya. Fitacciyar makarantar horo ita ce Kwalejin Koyon Aikin Teku da ke Oron a Jihar Akwa Ibom. Akwai kuma Jami'ar Harkokin Teku a Okerenkoko, Jihar Delta.

Babbar matsalar ɗalibai ita ce samun gurbi a jirgi. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, wanda aka kafa a 1959, ya kasance wurin horar da kadet har aka rushe shi a 1995. Kamfanoni masu zaman kansu kan yi jinkirin ɗaukar kadet, domin yana buƙatar ɗaki, abinci da inshora, alhali bai kai ga riƙe aikin jami'i ba. Saboda haka ɗalibai da dama kan gama karatu su zauna shekaru babu takardar ƙwarewa, har wasu takardunsu na farko su ƙare.

Dokar sufurin gaɓar teku ta 2003 ta keɓe jigilar cikin ruwan Najeriya ga jirage da matuƙa 'yan ƙasa. A 2008 kuma NIMASA ta ƙaddamar da shirin NSDP, wanda ya tura matasa daga jihohi daban-daban karatu a ƙasashe irin su Indiya, Masar da Filifin. Wasu daga cikin waɗanda suka amfana da shirin ma sun jima suna jiran gurbin cika watanninsu bayan kammala karatu.