Me Ke Sa Murjani Yin Fari a Teku?

Da an ce murjani, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Kalmar ma daga Larabci aka aro ta. To amma a cikin teku murjani 'yar ƙaramar dabba ce mai rai, wadda ke zaune jingim da 'yan'uwanta, kowace tana gina wa kanta gida na alli mai tauri. Gidajen nan ne ke taruwa cikin dubban shekaru har su zama tsaunuka. Jerin da ya fi kowane girma yana gaɓar Ostireliya, tsawonsa kimanin kilomita 2,300.

A cikin naman dabbar akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Zamansu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Murjani ya ba ta masauki, ita kuwa ta haɗa abinci da hasken rana ta ciyar da shi, wani lokaci har kashi 90 cikin 100 na abin da yake bukata. Launinsa ma nata ne. (Shi jan murjanin ado na Bahar Rum ba ya ajiye wannan baƙuwa.)

Zafi ne ke raba wannan zumunci. Idan ɗumin ruwa ya haura wanda aka saba da shi a lokacin zafi da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai aikin gansakukar ya rikice, ta soma fitar da sinadarai masu guba. Daga nan murjani ya kore ta. Da yake namansa garai-garai yake, sai farin allin ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri baƙuwar takan dawo, in kuwa ya daɗe sai mutuwa.

A Ostireliya an ga haka a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. A 2016 kaɗai kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin da ke ruwa marar zurfi ya mutu. A ganina, kusancin shekarun nan ya fi adadin tayar da hankali, domin ko murjani mai saurin girma yana bukatar aƙalla shekara 10 kafin ya farfaɗo.

Wajen kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da waɗannan tsaunuka, haka ma miliyoyin masunta a ƙasashe irin su Indunusiya, Kenya da Tanzaniya.