3.2 Kuɗin Abinci da 'Yancin Ɗalibai: Zanga-zangar 1978

Wannan sashe zai dubi yadda maganar abinci ta rikiɗe ta zama maganar 'yanci. A shekarar 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, an ƙara wa ɗaliban jami'o'in Nijeriya kuɗin abinci daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2 a rana. A ido, kwabo 50 ba wani abu ba ne, amma ga ɗan talaka mai lissafin kowane kwano, ƙari ne na kashi ɗaya bisa uku.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NUNS, ƙarƙashin jagorancin Segun Okeowo, ta fara da ƙaurace wa darasi. Da hakan ya ci tura, sai ɗalibai suka fito zanga-zanga a watan Afrilu, suna neman kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An harbe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas, aka kuma kashe wasu a Zariya. Daga nan gwamnati ta rufe jami'o'i, ta kori wasu malamai, ta haramta NUNS. Ke nan ɗalibai sun rasa bakin da zai kai kukansu, har sai da aka kafa NANS a 1980.