Lauje a Ƙasar Kazaure: Ciyawa Ta Yi Daraja, Maƙera Na Ja Baya

Ana yawan cewa zamani ya kori kayan aikin gargajiya daga gona. A kan lauje, maganar ba ta zauna daidai ba, musamman a Roni da Gwiwa da Kazaure da maƙwabciyarsu Babura. Daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen kaka, da wuya ka shiga ƙauye da hantsi ba ka haɗu da yaro ɗauke da damin ciyawa ba, laujensa soke a jikin damin. Ana amfani da shi kamar da, wataƙila ma fiye. Abin da ya sauya shi ne me ake yanka da shi, wa ke ƙera shi, da kuma inda yake ƙarewa idan ya tsufa.

Sai an fara raba aiki kafin a fahimci lamarin. Gero da dawa, waɗanda su ne ginshiƙin abinci a wannan yanki, ba da lauje ake girbe su ba. Magirbi ke kwantar da kara, sannan a bi da wuƙa a yanke zangarniya. Rabon lauje shi ne ciyawa da shinkafa da alkama. A da, kaso mai yawa na wannan ciyawa gini take tafiya: gamba a saƙa zana, shuci a yanta shi a baibaye jinka, tsaure a yi asabari. Wani kason na doki ne, domin gidan sarauta ko na attajiri ba ya rasa mai yankan ciyawa da mai tara ingirici. Kwanon rufi da bulon siminti sun cinye yawancin kason farko, babur ya rage na biyu. Da a nan labarin ya tsaya, da tuni lauje ya koma rataye a bango.

Kiwon gida ne ya riƙe shi. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ci daji, makiyaya da burtali sun matse. Ko da gwamnatin Jigawa ta yi ƙoƙarin shata su a zamanin Sule Lamido, tsakanin 2007 da 2015, filin da ya zama gona da wuya ya koma saura. Dabbar da a da ake kora ta nemi abincinta, yanzu a turke take kwana ta wuni duk tsawon damina, don kada ta yi wa wani ɓarna. Dabbar turke kuwa sai an kawo mata. Ga shanun huɗa, ga ragon da ake turkewa domin Babbar Salla, ga awakin mata, waɗanda su ne asusun matar ƙauye. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, wanda shi kansa ɗan Babura ne, ta raba wa mata awaki a matsayin jari bayan hawansa mulki a 2015. Duk akuyar da ta shiga gida, an ƙara wa wani yaro aikin safe. Haka harƙiya da kyasuwa da burburwa, waɗanda a da ake kallo a matsayin abin nomewa, suka zama haja da ake kasawa a bakin kasuwa. Idan bazara ta yi tsanani, wanda ya yi dabarar tara busasshiyar ciyawa da harawa a kan bishiya ko rufin ɗaki shi ke faɗin farashi.

Shinkafa ita ce abu na biyu da ya riƙe lauje. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun sa duk mai ɗan fadama ya gwada sa'arsa. A ƙasar Kazaure akwai ruwan dam ɗin garin, akwai kwarin kogin Gari, akwai ƙananan fadamu a tsakanin tsaunukan Roni. Injin girbi ya shigo Jigawa, amma inda ya fi samun wurin juyawa shi ne shimfiɗaɗɗun filayen kwarin Haɗeja. Fadamar da ba ta kai kadada guda ba, wadda aka yanyanka ta fangali-fangali, hanyar shigarta kuma sai amalanke, ba ta biyan kuɗin hayar inji. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara tsadar duk abin da ke tafiya da mai. Saboda haka 'yan ƙodago ne ke sunkuyawa su yanke ta hannu-hannu, su ɗaure, su buga a jikin ganga.

Akwai masu tambayar me ya sa dogon laujen nan na Turai, mai sanda kusan tsawon mutum, wanda ake yanka da shi a tsaye, bai samu gindin zama a nan ba. Har yau ana ƙera shi a Ostiriya da Italiya, kuma an gwada shi wajen girbin alkama a Indiya da Nepal. A ganina amsar tana cikin ƙasar da tsarin noman. Wancan yana son fili mai laushi, shimfiɗaɗɗe, mai shuka iri guda. Gonarmu kunya-kunya ce, gero da wake da gyaɗa a cakuɗe, ciyawar da ake so tana tsakanin shukar da ba a so a taɓa. A Roni kuma ga tsakuwa da duwatsu masu cinye baki a sara ɗaya. Gajeren lauje yana barin hannun hagu ya zaɓa kafin na dama ya yanka. Sai dai a gonar alkama ta noman rani, inda fili yake a baje, gwajin dogon ba zai zama ɓata lokaci ba, domin ciwon bayan mai yanka ba ƙaramin abu ba ne, mu ne dai muka saba ba ma lissafa shi.

Inda abin ya fi damuna shi ne maƙera. Ƙirar ƙarfe tsohuwar sana'a ce a wannan shiyya; binciken masana ya nuna ana narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacensa suka yawaita, narka tama ya yi ta ja baya har ya ƙare, maƙeran baƙi suka koma dogaro da tsohon ƙarfe. Philip Jaggar ya rubuta littafi a kan maƙeran birnin Kano da aka buga a 1994, wanda ya bi diddigin yadda sana'ar ta jure irin waɗannan sauye-sauye. Maƙeri ya jure su ne domin yana da abin da kanti ba shi da shi: ya san hannun mai sayensa.

Duba yadda ake yi. Ya ɗauko guntun sifirin mota, ya tura cikin gawayin ƙirya, yaro na zuga. Idan ƙarfen ya yi ja, ya kama da awartaki ya ɗora a uwar maƙera, ya miƙar da shi da masaba, ya fitar da baki, ya lanƙwasa shi a hankali, ya ja wutsiyar ta yi tsini. Wannan wutsiya ita ake ƙonawa a soka cikin ƙota. Daga nan sai tsomawa a ruwa, wadda ita ce sirrin aikin: in ya yi gaggawa bakin ya yi gautsi ya riƙa ɓantarewa, in ya yi jinkiri ya yi taushi ya ƙi riƙe kaifi. Mai saye zai ce, "Baba, na yaro nake so, kada ya yi nauyi," ko kuma, "Na gamba ne, a ba shi kauri." Bahago ma akan juya masa nasa. Idan ya dakushe, a goga a dutsen washi. Idan bakin ya yi kauri, a mayar wa maƙeri ya koɗa. Idan ƙota ta tsage, a sake wata. A ƙauyuka da dama ba a ma biyan kuɗi nan take, sai kaka ta yi a kai wa maƙeri daminsa. Lauje ɗaya kan yi shekaru a gida har ya sirance.

Abubuwa biyu suka taru suka raunana wannan zumunci. Na farko laujen kanti mai haƙora, wanda ake shigowa da shi daga Asiya. Gaskiya ne ba shi da nauyi, kuma yana cin karan shinkafa da sauri. 'Yan ƙodago ba su yi laifi ba da suka so shi. Amma idan haƙoran suka cinye, ba kasafai ake wahalar gyara shi ba, sai a sayi sabo. Kuɗin da a da ke zagayawa tsakanin manomi da maƙeri da mai gawayi da mai sassaƙa ƙota, yanzu yana bin mota zuwa Kano, daga can ya haye teku. Na biyu kasuwar tsohon ƙarfe. 'Yan gwangwan suna bin gida-gida da sikeli, suna tarawa ana lodawa zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Sifirin da maƙeri ke samu da araha, yanzu sai ya yi takara da mai tirela a kansa. Ƙirya ma ta yi wuya a daji, gawayinta ya hau. Ɗan maƙeri da ya ga wannan lissafi, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi walda, ko acaɓa, ko cin rani a Legas. Mai walda yana iya yanka faranti ya fitar da siffar lauje, amma sanin lokacin tsoma ƙarfe a ruwa ba ya samuwa sai a gindin wanda ya iya.

Maganin feshi ya shigo da tasa matsalar. Ya rage wahalar noma, wannan babu musu. Amma gefen gona da bakin hanya da a da suke wurin yankan talaka, yanzu akan feshe su, ciyawar ta ƙone a tsaye. Yaro sai ya ƙara nisa kafin ya cika buhu, lokacin makarantarsa ke tafiya a ciki. Wanda kuma ya yanko a inda aka yi feshi jiya bai sani ba, dabbarsa ce ke cikin haɗari.

Batun adana tsofaffin laujunan kuwa, kusan babu mai yi. A Turai akwai masu tara tsofaffin laujuna, suna gane maƙerar da ta yi kowanne ta tambarin da ke jikinsa. Namu ba su da tambari, amma tsohon manomi yana iya duban lanƙwasa ya faɗi garin da aka ƙera. Wannan sani yana kan mutanen da shekarunsu suka ja, kayan kuma suna tafiya a sikeli, kilo-kilo, tare da tsohuwar fartanya da sungumi da magirbi. Gidan Makama a Kano yana ajiye kayan tarihi, amma Kano ba za ta tara wa Kazaure nata ba. Masarautar tana da hakimai da dagatai da suka san kowane gidan ƙira a Amaryawa da Korayel da sauran garuruwa, kuma Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu tana cikin garin Kazaure da ɗalibai masu neman abin bincike. Ɗaki guda ya isa a fara: a karɓi lauje ɗaya daga kowace gunduma, a rubuta sunan garin, da irin ƙarfen, da ciyawar da aka yi shi dominta, a ɗauki muryar maƙerin yana bayani. Ɗaliban injiniya kuma su zauna da maƙeran su gwada fitar da haƙora a laujen gida, wanda za a iya sake fiƙe shi da magagari idan ya cinye, tunda kasuwar yankan shinkafa ita ce wadda maƙeri ya fi asara a cikinta.