HANYAR RUWA, HANYAR LAFIYA

Masu gida da uwayen gida, ku saurara. In an zo gyaran hanya a gari, kowa sai ya zuba ido ga kwalta, ba mai kula da lambatun da ake haƙawa a gefe. Ga shi kuwa lambatun nan shi ne rabin aikin. Bari mu ba ku labarin wani gari na bakin teku, ku ga dalili.

Abin da ya faru a Akara

Akara ita ce babban birnin ƙasar Gana. Akwai Hausawa da yawa a can, musamman a unguwannin Nima da Mamobi. Ruwan sama na yawancin unguwannin birnin yana gangarawa cikin wani rafi, sunansa Odaw, daga nan ya faɗa tabkin Korle, kana ya shiga teku.

Garin bakin teku yana da wuyar sha'ani. Ƙasarsa a kwance take, ruwa ba ya gudu da sauri. In teku ta cika kuwa, sai ta tokare bakin rafi, ruwa ya rasa mafita. Har wa yau kwalta da siminti da kwanon rufi ba su shan ruwa kamar ƙasar gona. Bayan wannan duka, yashi da shara da leda suka cushe magudanai.

A 2014 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, mafi yawansu a Akara da kewaye, fiye da 200 suka mutu. Ran 3 ga Yuni, 2015, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya cika. Mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Fetur ya malala bisa ruwa, wuta ta kama, mutum wajen 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

A 2019 Bankin Duniya ya amince da ba Gana rancen dala miliyan 200. An tsara a yashe rafin Odaw, a gina manyan lambatu, a gyara sha'anin kwasar shara, a kuma gyara lunguna da magudanai a unguwanni irin su Nima.

Yadda ake yin hanya mai kyau

Ana ɗaga tsakiyarta ya yi doro, don ruwa ya zube hagu da dama. Ana haƙa lambatu a gefe, mai gangare, don kada ruwa ya tsaya. Inda hanya ta ratsa kwari, ana sa kwalbati, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. In ɗaya daga cikin ukun nan ya toshe, ruwa ya kwanta, ya ci hanya, ya shiga gidaje.

Ina ruwan lafiya da wannan?

Sauron da ke kawo zazzaɓi cikin ruwa yake ƙwai. Ba sai babban tabki ba. Ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a rana, kamar sawun shanu, da sawun mota, da ramin da aka ɗebi ƙasa. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwan ya zama sauro mai cizo. Ambaliya kuwa takan kwashe ƙazantar masai da ta bola ta zuba a rijiya. Wanda ya sha, ya sha cuta. Mu da ke aiki a ɗakin magani, ba damina da ba mu ganin yara da zazzaɓi da gudawa, sau da yawa daga unguwa guda, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta.

Abin da ya kamata ku yi

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙauyenku ba ya bukatar miliyoyi, shebur da fartanya sun isa.

1. Kafin ruwan fari, mai unguwa ya kira gayya, a yashe lambatu da bakin kwalbati. Abin da aka kwaso a kai shi nesa, kada ruwa ya mai da shi.
2. Kada a zuba shara ko toka ko leda a hanyar ruwa.
3. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa, ko da ta shekara a bushe.
4. A cike ƙananan ramuka da ƙasa. In masu aikin hanya sun bar rami kusa da gidaje, a gaya wa dagaci da duba-gari tun ba su kwashe kayansu ba.
5. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi. Masai ya yi nisan mita 30 da ita, ya zama ta gangare.
6. In ruwa ya shiga rijiya, a tafasa ruwan sha. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, tun ba yara da masu ciki ba.
7. Yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kawo shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Gwamnati ke gina hanya, amma tsaron lambatu na mai ƙofar gida ne. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya bar mu da lafiya.