Jita 91 Kacal: Yadda Ƙarancin Kaya Da Katako Suka Mayar Da Abin Kiɗa Dukiya

MAIDUGURI — Kafintan da ke aiki a unguwar Moduganari, kamar takwarorinsa na sauran biranen Arewa, yana auna darajar katako ne da tsawonsa da kaurinsa da kuma yawan ƙofofi ko kujerun da zai fitar daga cikinsa. Amma akwai wata kasuwa a duniya inda ƴan siraran katakan da ba su isa a yi kujera ɗaya da su ba suke fin gida tsada. Kasuwar ita ce ta tsofaffin jita marasa lantarki, kuma wadda ta fi suna a cikinsu ita ce D-45 ta kamfanin C. F. Martin na Amurka, wadda guda 91 kaɗai aka ƙera tsakanin 1933 da 1942.

Wani Bajamushe mai suna Christian Frederick Martin ne ya kafa kamfanin a birnin New York a 1833, sannan ya mayar da shi garin Nazareth da ke jihar Pennsylvania a 1839. A 1916 kamfanin ya ƙera wa wani kamfanin dillancin kayan kiɗa na birnin Boston, mai suna Oliver Ditson, wata jita mai faffaɗan ciki wadda ta fi duk na zamaninta girma. An laƙaba mata sunan Dreadnought, wato sunan katafaren jirgin ruwan yaƙin da Ingila ta ƙaddamar a 1906, kuma daga nan ne harafin D ya samo asali. Da farko ba ta yi kasuwa ba, domin jama'a sun saba da ƙananan jita na kiɗan cikin ɗaki.

Abin da ya juya al'amarin shi ne yaɗuwar rediyo da wasannin dandali. Mawaƙin da ke tsaye gaban ɗaruruwan mutane yana bukatar abin kiɗa mai amo da kauri wanda sauran kayan kiɗa ba za su danne shi ba. Saboda haka a 1931 kamfanin Martin ya fara sayar da wannan babbar jita da sunansa. Daga 1934 kuma aka ƙara wa wuyanta sarari, ya zama matakai 14 ne a wajen akwatin maimakon 12, tsarin da wani makaɗin banjo, Perry Bechtel, ya fara nema a 1929. Shi kuwa banjo, masana sun bi diddigin asalinsa zuwa kayan kiɗan Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi, waɗanda bayi suka tafi da fasahar haɗa su zuwa nahiyar Amurka.

A 1933, lokacin da karayar tattalin arziki ta durƙusar da Amurka, mawaƙin nan na finafinan kaboyi, Gene Autry, ya nemi a ƙera masa babbar jitar amma da ado mafi tsada na kamfanin, wanda ake kira salo na 45, a kuma rubuta sunansa a jikin wuyanta. Wannan ita ce D-45 ta farko, mai lamba 53177, wadda aka adana a gidan tarihin Autry da ke Los Angeles.

Abubuwa uku ne suka haɗu a ƙirarta. Bayanta da gefunanta an yi su ne da jan katakon Barazil, mai nauyi da tauri, wanda ke mayar da amo. Fuskarta kuma an yi ta da wani itace marar nauyi na duwatsun gabashin Amurka, an tokare ta daga ciki da sanduna biyu da aka gicciye, aka kuma fere su domin fuskar ta riƙa kaɗawa ba tare da tsirkiyoyin ƙarfe sun karya ta ba. Na uku shi ne adon ɓawon wata katantanwar teku mai walƙiya, wanda ake yankawa ƙanana-ƙanana ana jerawa da hannu a kowane gefe, aikin da ke cin lokaci ainun.

Alƙaluman kamfanin sun nuna yadda aka yi ta ƙera ta da kaɗan-kaɗan: guda ɗaya a 1933, ɗaya a 1934, biyu a 1936, biyu a 1937, tara a 1938, sai 14 a 1939, 19 a 1940, 24 a 1941, da kuma 19 a 1942. Sai a 1938 ne ma aka sa ta cikin jerin kayan sayarwa, a kan dala 200, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin makaɗa a wancan zamani. Shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu ta kawo ƙarancin kayan aiki da na ma'aikata, aka daina ƙera ta. Ba a dawo da ita ba sai a 1968, kuma guda 229 kaɗai aka yi da katakon Barazil kafin kamfanin ya koma ga na Indiya a 1969.

Ga mai nazarin tattalin arziki, wannan misali ne na kayan da adadinsa ya tsaya cik alhali masu nemansa na ƙaruwa. Idan farashin siminti ya tashi, masana'anta kan ƙara yawan abin da take fitarwa; amma babu kuɗin da zai sa a sami D-45 ta 92 ta kafin yaƙi. Ƙasar Barazil ta hana fitar da gungumen wannan itace tun a ƙarshen shekarun 1960, sannan a 1992 yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sa shi a rukuni na ɗaya, wanda ya haramta cinikin sabon sara tsakanin ƙasashe. A sakamakon haka farashin kowace ɗaya daga cikin 91 ɗin nan, idan tana da lafiya, yakan haura dala 200,000.

Sai dai ƙaranci shi kaɗai ba ya yin farashi sai da shaida. Tun daga 1898 kamfanin Martin yake buga wa kowace jita lamba, yana kuma ajiye kundi, ta yadda mai saye zai iya tantance shekarar da aka ƙera kayan. Har ila yau, hannun da kayan ya bi yana iya fin ƙirarsa tasiri. Jitar D-18E, wadda aka yi guda 302 a ƙarshen shekarun 1950, ba ta karɓu ba a lokacinta. Amma wadda mawaƙi Kurt Cobain ya kaɗa a wani shirin talabijin na MTV a 1993, an yi gwanjonta a watan Yuni na 2020 a kan dala miliyan shida da ɗoriya.

Duk da haka, jari ne mai kasada. Ba ya kawo ribar shekara kamar hannun jari, gyara ko sabon fenti na zubar da darajarsa, ƙetare iyaka da shi kuma sai da takardun izni. Kamfanin kansa yana ba da shawarar a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, abin da ke nufin hunturun Borno kaɗai ya isa ya tsaga fuskar kayan da aka zuba wa dukiya.

Inda wannan labari ya shafi Nijeriya kai tsaye shi ne batun katako. Ƙasar nan tana da nata jan itacen, wato madobiya, wanda ƴan kasuwa ke kira koso. Makiyaya na dogaro da ganyensa da rani, a Mali da Gini kuma da shi ake fere sandunan kiɗan balafon. A shekarun 2010 bukatar kayan ɗaki na alfarma a ƙasar Sin ta sa aka far wa dazuzzukansa, musamman a jihar Taraba. Wani rahoto da ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa gungume miliyan 1.4 da aka sare ba bisa ƙa'ida ba, masu darajar kimanin dala miliyan 300, sun shiga Sin daga Nijeriya. A farkon wannan shekarar ta 2017 ne madobiya ta shiga rukuni na biyu na CITES, a 2018 kuma aka ba da shawarar dakatar da cinikinta daga Nijeriya. An fitar da itacen ɗanye, ribar sarrafa shi ta tafi waje, ƙauyuka suka rage da kututture.

Maƙwabciyarmu Kamaru ta gwada wata hanyar. A 2011 kamfanin jita na Taylor, tare da Madinter na ƙasar Sipaniya, ya sayi masana'antar yanka katako ta Crelicam da ke Yawunde, inda ake sarrafa baƙin itacen nan dangin kanya. Shugaban kamfanin na wancan lokaci, Bob Taylor, ya bayyana cewa ya tarar masu sara na kayar da bishiya kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi wuluk, su bar sauran su ruɓe a daji. Kamfanin ya fara sayen masu ratsi-ratsin, yana kuma yanka su a cikin ƙasar kafin fitarwa.

A nan gida, masu haɗa garaya da gurmi da goge ba su saba sa suna ko lamba a kan aikinsu ba. Marigayi Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya ƙasashe da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya. Bisa ma'aunin kasuwar da ta biya miliyoyi kan jitar Cobain, irin wannan kaya dukiya ne, matuƙar akwai takardar da ta nuna wanda ya haɗa shi, da shekarar, da wanda ya kaɗa shi. Wannan aiki ne da ke gaban gidajen tarihi da hukumomin raya al'adu na jihohi, kuma abin da yake bukata bai wuce kundi da alƙalami da mai kula da su ba.